Gorar Ruwan Da Ta Dawo Cike

Shekarun baya masu ɗan dama, tun garin nan namu na Suleja ana ce masa Abuja, tun Madalla ba ta wuce 'yan bukkoki da masu sayar da doya a bakin hanya ba, na taɓa tafka wata wauta da ta kusa cin ran abokina. Na sha ba da labarin a majalisa, amma kullum sai in datse wurin da ya shafe ni. Yau zan faɗe shi ɗungurungum, tunda furfura ta gama rufe ni, babu kuma wanda zai sake cire mini igiya.

Lokacin ina soja, ina da igiya biyu, wato kofur. An gama yaƙin basasa da 'yan shekaru, sojoji sun yi yawa, barikoki sun yi kaɗan, sai aka riƙa warwatsa mu garuruwa. Mu nan aka kawo mu, aka kafa mana tantuna da 'yan rumfunan kwano a bayan gari ta wajen hanyar Maje. Babu yaƙi, babu tarzoma, aikinmu fareti da goge takalmi da fita daji atisaye. Ni kuwa in ka gan ni a lokacin sai ka rantse ni kaɗai na ci yaƙin. Gashin baki a murɗe, kaki ya sha sitaci har yana iya tsayawa da kansa. Gaskiya na iya aikina, wannan ba zan yi kawaici a kansa ba. Iyawar ce dai ta hau mini kai.

Akwai wata al'ada da muka gada wajen tsofaffin sojojin da suka horar da mu. In za a fita doguwar tafiya, kowane soja zai cika gorarsa da ruwa ya rataya a ɗamara, amma ba a sha sai an ba da umarni. Su a ganinsu ruwa lalata soja yake yi, ciki ya yi nauyi, gwiwa ta yi sanyi, kuma wai in ka saba wa jiki da ƙishirwa zai daina nema. Ni da na samu igiya sai na ƙara wa abin gishiri. In mun dawo daga tafiya sai in jera mutanen sashena, in bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga gorar kowa ina girgizawa a kusa da kunnena. Wadda ta yi shiru cike take, mai ita namiji ne. Wadda na ji ruwa yana kaɗawa a ciki an sha ke nan, mai ita zai yi tsallen kwaɗo daga tuta zuwa kicin ya dawo. Har alfahari nake yi a cikin kofurori cewa sashena ba a shan ruwa.

A cikin sashen nan akwai abokina. Garinmu ɗaya, unguwarmu ɗaya, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ya shigo soja a bayana, sai Allah ya sa aka turo shi ƙarƙashina. Da na je gida hutu, mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ta sa aka kira ni har ɗakinta ta ce, "Ga ɗan'uwanka nan a hannunka. Bayan Allah, kai na ba wa." Na bugi ƙirji na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Ko ƙaya ba za ta soke shi ba ina tsaye."

Abokin nan nawa mutum ne mai shiru-shiru, in ka ce masa ya yi abu sai ya yi fiye da yadda ka ce. Ba shi da igiya ko ɗaya, yana kuma son ta kamar me, don ya aika gida a san shi ma ya zama wani abu. Ana ta raɗe-raɗin za a yi ƙarin girma, sai ga sanarwa cewa za a yi doguwar tafiya daga sansani zuwa gindin Dutsen Zuma a dawo, sashe da sashe, a ga wanda zai riga isowa. Kwana uku kafin ranar ya same ni bayan tanti ya ce, "Mutumina, zazzaɓi da gudawa sun matsa mini. Ina ganin gobe zan shiga layin marasa lafiya."

Na ce, "Kul! Samanja yana kallon kowa. Ka shiga layin nan yanzu, an rubuta ka cikin ragwaye, igiya kuwa sai dai ka gan ta a kafaɗar wani. Haɗiyi ƙwaya ka daure. Tafiyar nan ita ce jarrabawarka, kada ka ba ni kunya."

Ya ce to. Ni a lokacin gani nake taimakonsa na yi.

Ranar ta faɗo a tsakiyar bazara, ruwan farko bai sauka ba. Duk wanda ya san Suleja ya san irin zafin nan, hadari ya taru ya ƙi zubowa, iska ta ɗauke cak, kana zaune a inuwa ma gumi yana bin bayanka. An shirya mu tashi da sassafe, amma wani babban hafsa da zai duba mu ya makara, muka tsaya a filin fareti har hantsi ya dubi ludayi. Sannan muka kama hanya da cikakken kaya: hular kwano, jaka a baya, bargo a naɗe a kanta, bindiga a kafaɗa. Zuwa lafiya lau. Muka taɓa gindin dutsen, muka juyo rana tana tsaka. Wani sashe ya wuce mu, na ji kamar an mare ni, na ce a sa gudu.

Muna ratsa gari na lura abokina ya fara ja baya. Takunsa ya daina daidaita da na sauran, yana karkata hagu yana karkata dama. Na koma kusa da shi ya ce, "Kofur, kaina." Na ce, "Kai naka ne, ƙafa ta gwamnati ce. Ɗaga ta!" Mutanena suka yi 'yar dariyar dole, ni kuma na ji daɗin kaina, wai na iya magana.

Da muka doshi Kwamba, wadda a lokacin ƙauye ce mai gonaki da bishiyoyin mangwaro, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Ya juyo ya zunduma mini ashar. Kafin in gama mamaki ya tsaya cak, ya ƙame, ya sara wa wani kututturen giginya, yana ce masa a buɗe masa ƙofa Inna tana jira. Sai ya sulale ya faɗi rub da ciki, bindiga gefe guda, hula gefe guda.

Ina jin kunyar faɗin wannan, amma abin da na fara yi shi ne shurin takalminsa, ina cewa ya tashi ya daina wasan kwaikwayo. Da na ga ko motsi bai yi ba na durƙusa na juya shi. Na taɓa wuyansa, sai da na janye hannuna, kamar tukunyar da aka sauke yanzu daga murhu. Mu duka kakinmu ya jiƙe sharkaf, nasa kuwa ya fara bushewa, sai farin gishiri layi-layi a baya da hammata. Idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa, numfashi sama-sama.

Nan fa kowa ya zama likita. Wani daga cikinmu ya ce, "Kofur, wallahi iska ce. Mun ratsa gindin Zuma da tsakar rana, ba a yin haka." Wani sojan, mutumin kudu, ya ce da 'yar Hausarsa, "Oga, wannan zazzaɓi ne. A rufe shi, gumi ya fita, shi tashi." Wannan ta zauna mini, don na san da zancen zazzaɓinsa, kuma haka na ga ana yi a gida tun ina yaro. Na tura mutum biyu su ruga sansani su zo da mota, na sa aka kwance barguna uku aka lulluɓe shi har wuya, a nan gefen hanya cikin rana. Wani ya kai hannu gorarsa zai yayyafa masa ruwa a fuska, na daka masa tsawa. Na ce in aka zuba ruwan sanyi a jiki mai zafi jini daskarewa yake yi, mutum ya shanye. Haka kakata ta faɗa mini, ban kuwa taɓa tambayar kowa ba.

Can gefe akwai hayaƙi yana tashi, ashe mata ne suke gasa tukwane. Sai ga wata dattijuwa ta taho daga wajen, zani ɗaure a ƙirji, da doguwar sandar da take juya tukwane a hannu, toka har gira. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta ratsa tsakanin sojoji kamar ta ratsa kaji, ta tsugunna ta cusa hannu ƙarƙashin bargo. Ta ɗago ta ce, da Hausarta mai karin harshen ƙauyukan nan, "Wa ya rufe shi?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ne, Iya. A koma baya, wannan aikin soja ne."

Ta ce, "Aikin soja ne dafa mutum? Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake gasa tukunya. Abin da nake so ya gasu shi nake rufewa. Yaye masa!"

Na ce, "Zazzaɓi ne, gumi muke so ya yi."

"Gumin ya ƙare, ba ka gani? Ruwa za a zuba masa, da yawa, yanzun nan."

Na kawo mata zancen kakata, cewa ruwan sanyi a jiki mai zafi illa ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tukunya ce take tsagewa in ta ji ruwa da zafinta. Wannan mutum ne. Ƙanwata a gaban wutar can ta faɗi, irin wannan faɗuwar. Muka rufe ta da zannuwa muna jiran gumi. Ba ta kai la'asar ba. Tun daga ranar duk wadda ta faɗi a wurin gashi ruwa muke kwara mata, kuma ba mu sake binne kowa ba. In ɗan'uwanka ne ka yaye. In ba ɗan'uwanka ba ne ka matsa in yaye."

Mutanena suka zuba mini ido. Ban taɓa janye umarni a gabansu ba, balle a kan maganar tsohuwa mai sanda. Na dubi igiyoyin da ke hannun rigata, na dubi fuskar abokina da ta fara canza launi, sai muryar Inna ta faɗo mini. Tsoro ya kama ni irin wanda ko a bakin daga ban ji ba. Da hannuna na fizge bargunan na watsar, na ce, "Duk abin da Iya ta ce, shi ne oda."

Daga nan ita ta karɓi sashen, kuma wallahi ta fi ni iya ba da umarni. Muka ɗauke shi cak zuwa gindin wani mangwaro a ƙofar gidanta, inda manyan randuna suke jere cike da ruwan da take jiƙa yumɓu da shi. Ta sa muka cire masa takalmi da ɗamara da kaki, ya rage daga shi sai gajeren wando. Mutum biyu suna ɗiba da ƙwarya suna kwarawa tun daga kai har ƙafa, matan wurin suka kewaye shi da faya-fayai suna fifita ba tsayawa. Ta jiƙa tsummoki ta cusa masa a wuya da hammata da matsematsi, in sun ɗumama ta sauya. Na ɗauko ƙwarya zan ɗura masa a baki, ta buge mini hannu ta ce wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa, shaƙewa zai yi. Randa ta farko ta ƙare, ta biyu ta ƙare. Ruwan da ta kwana biyu tana tarawa a wannan bazarar ke nan, amma ko a jikinta, sai ma ta tura mata rafi su ƙaro.

Tana cikin haka ta ɗago ta kalle mu, leɓunanmu duk sun tsattsage, wani ma ya jingina da bishiya yana lumshe ido. Ta nuna gorunan da ke ƙugunmu ta ce, "Waɗannan fa, ado ne? Ku sha kafin ku ma ku zube mini a nan, randunana ba su da yawa." Sojojin suka kalle ni. Na ce, "A sha." Ban san ni kaina na kai gargara ba sai da ruwan ya ratsa maƙogwarona, na ga ashe tun ɗazu mangwaron nan biyu-biyu nake ganinsa.

Ɗamarar abokina tana yashe a gefe. Na ciro gorarsa, kuma don sabo, ba tare da na yi tunani ba, na kai ta kunne na girgiza. Shiru. Cike take har wuya. Mutumin da ya kwana uku yana gudawa, ya yi wannan tafiyar cikin wannan ranar, ko kurɓi ɗaya bai yi ba, don kada ya ba ni kunya. Na zauna daɓas a cikin caɓin.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ana kwara ruwan nan ba. Ni dai na ga jikinsa ya fara sanyi a hannu, numfashin ya fara sauka ƙasa. Can ya yi wani yunƙuri, Iya ta juya shi gefe ya yi amai, sannan ya buɗe ido sosai. Ya dubi ganyen mangwaro, ya dubi matan da ke fifita, bai san inda yake ba. Da idonsa ya sauka a kaina sai ya fara lalube a ƙugunsa, inda ɗamara take zama. Ya ce da wata 'yar murya, "Kofur, girgiza ka ji. Ban sha ba."

Na juya baya kamar ina gyara hula. Iya ta gan ni sarai, ta dai miƙo mini ƙwarya ta ce in ba shi kaɗan-kaɗan.

Motar ta iso bayan an gama mai wuyar. A asibiti likitan soja ya ce ba iska ba ce, ba kuma zazzaɓin ne ya kayar da shi ba. Zafi ne ya taru a jikinsa saboda gudu da kaya cikin rana babu ruwa, har jikin ya kasa hucewa da kansa, ƙwaƙwalwa ta fara dahuwa, shi ya sa ya yi ta sambatu. Ya ce da an bar shi cikin bargo har motar ta zo, gawa za a kawo masa. Ya tambayi wanda ya jiƙa shi, na ce wata tsohuwa mai tukwane. Ya tambayi wanda ya rufe shi, na ce ni. Ya tambayi dalilin da mara lafiya ya fita tafiya da gora cike, na sake cewa ni. Samanja yana tsaye yana ji. Washegari aka cire mini igiya ɗaya, na kuma san sassauci aka yi mini.

Abokina ya yi makonni a kwance. Ya tashi, amma jikinsa bai sake jure rana kamar da ba, sai aka mai da shi sito yana kula da kaya. Igiyar da na ce zai samu a wannan tafiyar sai bayan shekaru ta zo. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Da muka je gida tare, Inna ta rungumi ɗanta, ta juyo tana sa mini albarka, wai an gaya mata ni na cece shi. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, ya take mini ƙafa. Har Allah ya karɓi ranta tana yi mini wannan addu'ar, kuma duk lokacin da ta yi sai in ji nauyinta a ƙirjina.

Girgiza gora dai ban daina ba, juya ta na yi. Da aka mayar mini da igiyata, duk tafiyar da za a yi sai na tambayi wanda bai ji daɗin jikinsa ba a makon, in cire shi ko yana kuka. A hanya ina tsayar da mutane a inuwa in sa su sha a gabana. In mun dawo in bi layi ina girgizawa, gorar da ta yi shiru mai ita ne zai yi tsallen kwaɗo, shi ma sai rana ta yi sanyi. Wasu kofurori suka riƙa kiran sashena 'yan shayarwa. Ban damu ba. Na yi shekaru ina horar da sojoji har na yi ritaya ina samanja, kuma ina faɗa da bakina cike, babu wanda ya sake faɗuwa a hannuna.

Abin da na koya, jarumtar da nake taƙama da ita a jikin wasu nake gwada ta, kuma mai biyayya shi ya fi cutuwa da shugaba mai taurin kai. Ku da kuke da 'ya'ya a wajen horo, ko masu aikin ƙarfi cikin rana, ku riƙe wannan: in mutum ya fara tangaɗi yana sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, kada ku tsaya neman mai ruƙiyya ko bargo. A kai shi inuwa, a cire masa kaya, a kwara ruwa, a yi fifita, sannan a nemi asibiti.

Iya ta daɗe da rasuwa. Inda mangwaronta yake yanzu shaguna ne da gidajen haya, masu adaidaita suna ta hon. Amma randa ɗaya da ta gina mini da hannunta tana nan a zaurena, har gobe ruwanta ya fi na firji daɗi a bakina. Abokina ma nan ya zauna bayan ritaya, yana Maje da jikokinsa. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan biyo ta wurina, in ɗebo masa ruwa a randar nan cike da moɗa. Sai ya shanye tas, ya kife moɗar, ya miƙo mini yana murmushi ya ce, "Kofur, girgiza ka ji."